Labarin wayar iska bai cika ba sai da Kamina

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, na rubuto ne kan shirinku na tarihi na makon jiya, wanda ya taɓo yadda Turawan mulkin mallaka suka riƙa barin wayar tangarahu suna kafa tashoshin wayar iska. Na kasa kunne tun daga farko har ƙarshe, kuma na ƙaru. Sai dai dalilan da aka kawo, cewa gara na cin turaku, guguwa na tsinka waya, gyaran layi a cikin daji na lashe kuɗi, ba su ne duka maganar ba. Akwai dalilin da ya fi su nauyi, wato tsoron yaƙi, kuma a nan kusa da mu akwai wurin da ya nuna haka ƙarara. Sunansa Kamina, a ƙasar Togo.

Ni mai fataucin motoci ne, na daɗe ina bin hanyar Lome. Duk wanda ya san hanyar ya san Atakpame, garin nan na kan duwatsu, kimanin kilomita 160 arewa da Lome. Wata shekara motarmu ta lalace a can, muka kwana biyu muna jiran kayan gyara. Wani dattijon zango da muka yi azahar tare ya ce, "Ɗana, tun da zaman banza kake yi, zo in nuna maka wayar Jamus." Muka hau babur muka fita bayan gari. Abin da na tarar shi ne manyan tubalan siminti tsaye a cikin ciyawa, da guntayen ƙarfe da tsatsa ta cinye a jikinsu, gonaki kewaye da su. Na ɗora hannu a kan ɗaya, rana ta gasa shi har ba ya taɓuwa. Dattijon ya ɗaga kai ya nuna sama, ya ce a nan ake ɗaure igiyoyin da ke riƙe hasumiyoyin. Babu hasumiya ko ɗaya a yau. Tun daga ranar na shiga neman labarin wurin.

Togo a lokacin a hannun Jamusawa take. A 1913 sun samu wayarsu ta ƙarƙashin teku ta iso Lome, amma sun san bakinta na can ya ratsa ta ruwan da jiragen Ingila ke iko da shi. Waya kuwa, komai tsadarta, wanda ya kai hannu gare ta zai iya datse ta. Shi ya sa tun 1911 kamfanin Telefunken ya fara gina tasha a Kamina, mai hasumiyoyin ƙarfe 9, mafi tsawonsu mita 120, domin ta yi magana kai tsaye da tashar Nauen da ke kusa da Barlin, tazarar fiye da kilomita 5,000, ba tare da ko taku ɗaya na waya a tsakani ba. Daga Kamina saƙo ke wucewa zuwa Duwala a Kamaru da Windhoek a ƙasar da ake kira Namibiya yau, da kuma jiragen Jamus da ke kan teku.

Abin da suka ji tsoro shi ya faru. Ingila ta shiga yaƙi ranar 4 ga Agusta 1914, kafin gari ya waye jirginta ya janyo wayoyin Jamus na ƙarƙashin teku ya yanke su. Kamina, wadda ba a daɗe da gama ta ba, ta zama bakin Jamus a wannan nahiya. Ta nan aka riƙa gargaɗin jiragensu na kasuwanci su fake a tashoshin ƙasashen da ba sa cikin yaƙin. Mai riƙon gwamnan Togo, Manjo von Doering, ba shi da rundunar soja sai 'yan sanda, don haka ya aika wa maƙwabtansa, Ingilawan Gwalkwas (Gana ta yau) da Faransawan Dahome (Benin ta yau), cewa a bar yaƙin Turai a Turai. Suka ƙi, suka shigo Togo da yaƙi. Ba ƙasar Togo ce ta tsone musu ido ba, hasumiyoyin nan ne. Jamusawa suka bar Lome suka ja da baya ta hanyar jirgin ƙasa zuwa Kamina, aka gwabza a Agbeluvoe, aka sake gwabzawa a kogin Chra ranar 22 ga wata. A daren 24 wayewar 25 ga Agusta, da hannunsu suka kayar da hasumiyoyin, suka ƙona injunan, ranar 26 suka miƙa wuya. Aikin shekara uku, amfaninsa bai wuce 'yan makonni ba.

Ga inda abin ya taɓa ni, Malam Edita. Su wa suka je suka karɓo Kamina? Mafi yawan waɗanda suka riƙe bindiga a ɓangarorin nan duka baƙaƙen fata ne. Rundunar Gwalkwas da Ingila ta tura, asalinta daga 'yan sandan nan ne da ake kira Hausa Constabulary, kuma Hausa ce harshen bariki a cikinta. A wannan tafiya ce Alhaji Grunshi ya harba harsashin da ake lissafawa a matsayin na farko da wani sojan Ingila ya harba a Yaƙin Duniya na Ɗaya, tun kafin 'yan'uwansa Turawan Ingila su ja kunamar bindiga a Turai. Yaranmu sun haddace sunan Lugga, amma ka tambayi ɗalibai ɗari wane ne Grunshi ka ji shiru. Haka kuma mutanen Togo da suka sare dajin, suka ɗauki siminti da ƙarfe a ka, a ƙasar da aikin tilas yake cikin harajin da Jamus ta ɗora wa talaka. Babu ɗayansu da aka gina tashar domin ya aika gaisuwa gida. Wannan ne ya sa raina bai kwanta ba da na ji ana kiran wayar iska ci gaban da Bature ya kawo mana. Ya kawo ta ne domin umarninsa ya isa, ko da abokin gabansa ya yanke masa waya.

Kada wani ya ce tsohon zance ne. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet guda huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, sadarwa ta rikice a Gana da Najeriya da Benin da wasu maƙwabta. Ina jiran kuɗin mota daga Kano a ranar, mai saye yana tsaye a banki tun safe, ni ina riƙe da waya har la'asar, ba abin da ya shigo. Ba yaƙi ba ne wannan karon, amma tubalan Kamina na tuna, domin har yanzu maganarmu a kan 'yan igiyoyi ƙalilan take rataye, kuma jirgin da zai gyara su daga nesa ake jiransa.

Roƙona shi ne ku ware shiri guda a kan Kamina, a watan Agusta in da hali. Ku tura wakilinku Atakpame ya tsaya gaban tubalan nan ya faɗa wa masu sauraro abin da idonsa ya gani, ya zauna da dattawan zango, ya kuma nemi malaman tarihi na jami'o'in Lome da Legon ta Gana. Daga tashar motar garin zuwa wurin ba nisa, ɗan acaɓa ma zai kai shi.

Na gode. Allah ya ƙara basira, ya bar zumunci.

Naka mai sauraro a kullum,
daga Maraɗi, Jamhuriyar Nijar.