Ba a yanyanka shirin talabijin a ce na intanet ne

Assalamu alaikum, ɗan'uwa.

Ka tambaye mu a bainar jama'a: tunda gidan talabijin na da tulin tsofaffin shirye-shiryen barkwanci, me zai hana a yanyanka su gunduwa-gunduwa a zuba a intanet, maimakon a kashe kuɗi a shirya sabo? Don talla, ana iya yin haka. Amma shirin da mutane za su riƙa jiran fitowarsa, sai an rubuta shi don waya tun daga shafin farko.

Shirin rabin awa a Amurka, idan aka cire talla, kusan minti 22 ne, kuma dariyar minti na 15 ta dogara da abin da aka shuka a minti na uku. Ka yanko ta ita kaɗai, ta mutu. Shafi ɗaya na rubutu kusan minti ɗaya ne a allo, don haka kashi mai minti uku shafi uku ne: matsala ɗaya, wuri ɗaya, mutum biyu ko uku, ba waƙar buɗewa, kuma dariyar farko kada ta wuce daƙiƙa goma. Haka gidan talabijin na NBC a Amurka ya yi a 2006 da shirinsa na barkwanci The Office. Ya ware akantoci uku na cikin shirin da ba su cika samun fili ba, ya rubuta musu nasu labarin don intanet, na neman dala 3,000 da suka ɓace, kashi goma.

Sai hoto, kuma nan ne zuciyarmu ta fi sosuwa. Allon talabijin a kwance yake, 16:9, na waya a tsaye, 9:16. Ɗauki fitowar da wani ke zuba ƙarya a gefen dama, abokinsa a hagu ya saki baki yana kallonsa. Dariyar tana fuskar na hagun. Da an matse hoton ya koma a tsaye, sai mai tacewa ya bi mai magana, fuskar nan ta fita, a bar ka da mutum yana surutu. Maganinsa tun wurin ɗauka: a shata layin tsaye a allon kyamara, a matso da 'yan wasa kusa da juna.

Sautin talabijin a Turai ana daidaita shi a -23 LUFS (ma'aunin ƙarfin sauti), YouTube kuwa wajen -14 yake, wato ya fi ƙarfi, shi ya sa tsohon shiri ke fitowa ƙasa-ƙasa a lasifikar waya. A sake haɗa sautin, a maƙala wa kowane ɗan wasa makirufo a ƙirji. Da yawa ma ba sa kunna sauti, sai rubutun ƙasan allo suke bi. A kula, kada kalmar da ke ɗauke da dariyar ta bayyana kafin ɗan wasa ya furta ta. A raba layin biyu.

Kada kuma a raina takarda. Izinin kiɗan da aka saya don talabijin sau da yawa bai haɗa da intanet ba, kuma Content ID, tsarin YouTube na gano kayan da ke da haƙƙin mallaka, kan kama shi, kuɗin talla ya koma wa mai kiɗan ko a toshe bidiyon. Marubuta da 'yan wasa su ma a rubuta haƙƙinsu na intanet ƙarara. Rigimar wannan na cikin abin da ya jawo yajin aikin marubutan Amurka na kwana 100 daga Nuwamba 2007.

A ɗauki dukkan kashin zango a jere, a gama tace aƙalla rabi kafin a saki na farko, sannan a tsayar da rana ɗaya a mako kada a saɓa.

Wassalam,
'Yan'uwanka masu shirya barkwanci