Takardar koke zuwa ga Mai Girma Sarkin Hausawan Agege kan filin da aka yanka uku a layinmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya yi wa 'yan majalisarka albarka. Mu ne talakawanka mazauna layin bayan titin jirgi, muna neman afuwa tun kafin mu fara, idan harshe ya yi kaushi ba da kai muke ba, ciwo ne ya kai mana ƙashi.

Ranka ya daɗe, da ba don daren Alhamis ba da har yanzu muna kan haƙurin da muka saba. Ruwa ya sauko wajen ƙarfe biyun dare, ba ma wani ruwan a zo a gani ba, irin wanda da can kafin asuba ya bi gota, wato magudanar ruwa, ya tafi abinsa, to gotar ce babu, an aza mata harsashin gini a kai. Ruwa ya rasa hanya ya juyo mana cikin ɗakuna, katifu da buhun gari da allunan yara duk suna yawo, can sai muka ji rugugum, katangar da aka jera da bulo ba ginshiƙi ko ɗaya ta zube kan rumfar makarantar allo. Tabarmar da almajirai ke kwana a kai da safe muka jawo ta daga ƙarƙashin bulo. Allah ne kawai ya sa Malam ya kwashe su zuwa masallaci tun da ya ga hadari, in ba haka ba da yau gaisuwar mutuwa za ka zo mana.

Wannan fili fa fuloti ɗaya ne, ƙafa 60 da 120, da can gidan haya ne irin fes-mi-ai-fes-yu mai ɗakuna suna kallon juna, mai shi ya rasu magada suka sayar. Wanda ya saya ya yanka shi uku, ɗaya yana ɗora bene, ɗaya shaguna har bakin hanya ko keke-napep ba ta juyawa, na ukun kuma shi ne ya hana mu barci, wai ya kai takarda a canza shi daga wurin zama zuwa na kasuwanci zai buɗe wurin ɗura gas. Ba a ma ba shi amsa ba amma tanki ya riga ya iso an lulluɓe shi da tamfol. Mai tsire yana nan da garwashinsa taku kaɗan, ga mai shayi, ga mata masu suyar awara. Haba jama'a! Mun ga abin da gas ya yi a Baruwa ta wajen Ipaja a Oktoban 2020, mun ga bene mai hawa 21 ya rufta a Ikoyi a Nuwamban 2021 mutum sama da 40 suka tafi, a Ikoyi fa, balle layinmu.

Mun san tun da aka buɗe gadar Pen Cinema a 2021 ga kuma sabon jirgin ƙasa, ƙasa ta yi tsada a Agege, ba ma baƙin ciki da arzikin kowa. Amma mun je mun dawo, mun yi zama da mai filin, mun aika dattawa, mun kai takarda, har mun manta sau nawa. An taɓa zuwa daga hukuma an shafa jan fenti na tsayar da aiki a bangon, cikin dare leburorinsa suka bi da siminti suka rufe, gari ya waye aiki ya ci gaba. Da muka yi magana sai yaronsa ya ce wai mu 'yan haya ne kuma baƙi. Baƙi? Kakannin wasunmu fataucin goro ya kawo su nan tun ubansa bai san hanyar Ikko ba.

Ranka ya daɗe mun san ba kai ke ba da izinin gini ba, tun dokar ƙasa ta 1978 fili a hannun gwamna yake, izini na hukumar jiha ta LASPPPA ne, duba gini na hukumar LASBCA. Amma muryarka tana isa sakatariyar gwamnati a Alausa, tamu ko bakin get ba ta wucewa. Muna roƙo ka rubuta musu kada a amince da canza filin nan, a turo injiniyoyi su duba benen, a fasa abin da aka gina kan gota kafin wani ruwan, a ɗauke tankin nan daga cikinmu, a biya Malam rumfarsa. Kuma don Allah a nuna mana takardar da ya ce yana da ita mu gani da idonmu. Tankin nan dai, ranka ya daɗe, a ɗauke shi ko da sauran za su jira.

Maƙwabtanmu Yarabawa ma sun sa hannu tare da mu, sunaye na shafi na biyu. Allah ya ja zamanin Sarki.

Talakawanka masu biyayya,
Mazauna layin bayan titin jirgi, Agege