Takardar Koke Zuwa Ga Mai Girma Hakimi Kan Buƙatar Gidan Jinyar Masu Shaye-shaye

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
Ta hannun Dagatai da Masu Unguwanni.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da ban girma, mu talakawanka ne, magidanta da limamai da manoman ƙauyukan da ke ƙarƙashinka. Mata ma sun aiko da nasu saƙon ta bakin uwargidan Liman, kuma gaskiya nasu ya fi namu zafi. Sai da muka yi zama uku bayan sallar Juma'a kafin a yarda a rubuta wannan takarda, domin magana ce da kowa ya fi so ya rufe a cikin gidansa. To amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ƙwaya ta shigo mana ne ta gona. Mutanen birni suna ɗauka shaye-shaye aikin zauna-gari-banza ne, alhali a nan mai ƙwazo ta fi kamawa. Ɗan ƙwadago zai ce maka, "In na haɗiyi tramol ɗaya sai in yi aikin mutum biyu, ko rana ba na ji." Bana ɗaya yake sha, baɗi sai biyu, daga nan kuma ko babu aiki sai ya sha, in ba haka ba jiki ya ɗau ciwo, barci ya gagara. Tramol mai lamba 50 da mai 100 kaɗai NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ta amince da su, su ma sai da takardar likita, amma mai lamba 225 ake tallarta a faranti ranar kasuwa, kusa da maganin ciwon kai. Ga wiwi, ga sholisho, ga ƙwayoyin sa barci. Tun a watan Mayun 2018 gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, duk da haka har yau yara na tsintar kwalabensa a bayan gari. Mun ga wanda ya sayar da takin da aka ba shi bashi, mun ga wanda ya kai tunkiyar matarsa kasuwa ba da saninta ba. Waɗannan fa ba samari kaɗai ba ne, har da masu mata biyu da 'ya'ya.

A noman ranin bara wani magidanci ya yanke jiki ya faɗi a tsakiyar fadama yana jijjiga, bakinsa na kumfa. Aka ce iska ce, aka kwana ana tofi. Sai washegari da aka kai shi asibitin sha-ka-tafi, malamin asibitin ya laluba aljihunsa ya ciro katin ƙwaya saura biyu. Ya ba shi abin da zai iya ba shi, ya ce sauran aikin ya fi ƙarfin wurin nan. Aka mayar da shi gida. Kafin mako ya zagayo ya koma ruwa.

Akwai kuma dattijo a cikin waɗanda suka sa hannu a takardar nan, wanda ya ɗaure ɗansa da sarƙa a ɗakin zaure, mabuɗin kwaɗon yana cikin aljihun 'yar-shararsa. Shi da kansa yake kai masa tuwo, ya fito yana share hawaye da bakin riga. Da muka yi masa magana cewa ya yi, "To ku faɗa mini inda zan kai shi." Ranka ya daɗe, babu wanda ya iya ba shi amsa, kuma amsar ce muka zo nema wurinka.

A da gidan mari ake kai irin waɗannan. Kowa ya ga abin da ya fito fili a 2019, lokacin da 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum fiye da 300, wasu da mari a ƙafa da tabon duka, sannan aka sami irinsa a Daura. Rufe waɗannan gidaje daidai ne, ba ma roƙon a dawo da su. Sai dai an karɓe wa mutumin ƙauye abin da ya sani, ba a ɗora masa wani a hannu ba, shi ya sa marin ya baro gidan malam ya dawo cikin gidajenmu inda ba mai gani.

Mun san akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau da cibiyar gyaran tarbiyya ta Ƙiru a Jihar Kano, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ma tana da ɗakunan kula da masu son dainawa. Amma a duba yawan masu buƙata. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya a Najeriya, uku cikin huɗu maza ne, a Jihar Kano kuma abin ya kai kashi 16 cikin 100. Sannan manomin da ke ƙirga kuɗin mota kafin ya je ta'aziyya a birni, ina zai iya jigilar kai abinci da dubiya na tsawon watanni?

Don haka babban roƙonmu shi ne a samar da gidan jinya na kwana a cikin gundumar nan, na maza, inda mutum zai zauna wata biyu zuwa uku nesa da mai sayar masa. Ba sai an yi sabon gini ba. Akwai gine-ginen hukuma da aka bari jemagu na kwana a ciki. Kai ka fi mu sanin wanda zai gyaru da ɗan kwano da fenti da rijiya. Muna roƙon ka kai maganar gaban Shugaban Ƙaramar Hukuma da Majalisar Masarauta, su nema mana ma'aikatan jinya daga Ma'aikatar Lafiya ta jiha, da likitan ƙwaƙwalwa da zai riƙa zuwa ko da sau ɗaya a mako. Wannan sharaɗin likita ba ma so a yi wasa da shi, domin wanda ya daɗe yana shan ƙwayar barci in aka yanke masa ita lokaci ɗaya yana iya faɗuwa da jijjiga, har ta kai ga rasa rai. Malamanmu za su shiga da karatu da nasiha, kuma sun yarda ba sarƙa, ba bulala.

A kuma yi la'akari da lokaci. Magidanci ba zai bar gonarsa da damina ya je ya kwanta ba, ko da yana so. In aka buɗe karɓar mutane bayan kaka, hatsi na rumbu, da yawa za su kawo kansu da ƙafarsu.

Abin da ya fi damun matan kuwa shi ne bayan an sallamo mutum. Ya dawo ya tarar da majalisarsa tana nan, mai faranti yana nan, kowa kuma na kiransa ɗan ƙwaya, ba mai ba shi aiki balle aure. Suna roƙon ka umarci Masu Unguwanni su riƙa bibiyar duk wanda ya dawo, a haɗa shi da mai sana'a, kafinta ko makaniken injin ban-ruwa, a kuma ware rana ɗaya a mako da waɗanda suka daina za su haɗu a gidan jinyar su ƙarfafa wa juna gwiwa. Haka nan a ja kunnen Sarkin Kasuwa kan masu tallar magani a faranti, da masu gonakin da ke raba wa 'yan ƙwadago ƙwaya don aiki ya yi sauri. Su ma mun san su, wasu 'yan'uwanmu ne.

Ba hannu rabbana muka zo ba. Kowane magidanci da ya sa hannu ya ɗauki alkawarin tiya biyu ta hatsi duk kaka don ciyar da masu jinya, maginanmu za su yi aikin gyara kyauta, matasa kuma za su ɗebo yashi da ruwa.

Muna roƙon ka sa mana rana kafin a fara girbi, mu zo gabanka tare da Dagatai, dattijon nan mai mabuɗi ma ya ce zai zo ya yi bayani da bakinsa.

Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da imani.

Mu ne talakawanka,
Magidanta, limamai, manoma da matan ƙauyukan gundumar nan.
Sa hannu da dangwalen yatsa suna a takardun da ke haɗe.