Takardar koke zuwa ga Mai Martaba Sarki kan lambobin yabon 'yan mazan jiya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya taimaki Sarki, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara lafiya da nisan kwana. Bayan gaisuwa da ban girma, mu ne 'ya'ya da jikokin 'yan mazan jiya na ƙasarka, tare da 'yan tsirarun tsofaffin sojan da Allah ya bar mana da rai, muka zauna muka ce toh tunda ɗa ba shi da inda zai kai kuka sai wurin uba, bari mu kawo namu fada. Ni mai rubutun nan jikan ɗaya daga cikinsu ne, an ɗora min alƙalamin ne saboda ni na fara tada maganar. Maganar fansho ma akwai ciwo a cikinta amma yau mun ajiye ta gefe, abin da ya kawo mu shi ne lambobin yabo, waɗanda tsofaffinmu ke ce wa minda.

Ranka ya daɗe, kwanakin baya na tsaya kusa da wani mai sayen tsofaffin ƙarafa yana zazzage buhunsa zai ɗora a sikeli, cikin murafan tukwane da guntayen famfo sai na hangi wani ɗan tauraro mai tsini shida duk ya yi baƙi, wallahi sai da gabana ya faɗi don na san shi, irinsa ne sak a cikin gwangwanin kakana. Tauraron Bama ne, mindar waɗanda suka yi Yaƙin Duniya na Biyu a ƙasar Bama, wato Myanmar. Na roƙe shi ya bar min, na juya bayansa ina neman sunan mai shi, babu komai, a shafe yake sumul. Shi ma mai buhun bai san gidan da ya fito ba, kuma ni ban ga laifinsa ba, ƙarfe ya saya. Tauraron yana nan a wurina har yau, kullum in na kalle shi sai in ce wani bawan Allah ya bar iyayensa ya hau jirgin ruwa ya tafi Indiya, ya shiga dajin Bama, ya dawo ko bai dawo ba, ga shaidarsa a hannuna amma ba wanda zai iya kiran sunansa.

Nan ne gizo ke saƙar. Taurarin Yaƙin Duniya na Biyu da Ingila ta raba wa sojojinmu ba a buga suna a jikinsu ba, saɓanin lambobin jarumta da ake rubuta suna da lambar soja a bakinsu. Don haka da zarar tsoho ya rasu, takardar sallamarsa ta soja gara ta cinye, aka raba kayan ɗaki wannan ya ɗauki ɗaya wancan ya ɗauki ɗaya, shikenan an raba mutum da tarihinsa.

Kuma fa kowace minda magana take yi in an san karatunta. Kakana guda huɗu gare shi a jere a ƙarfe ɗaya, yakan fito da su ya goge da tsumma yana nuna mana da yatsa, mu a lokacin ƙyalli kawai muke gani. Ta farko tauraron 1939 zuwa 1945, ƙyallenta kala uku, shuɗi mai duhu na sojan ruwa, ja na sojan ƙasa, shuɗi mai haske na sojan sama. Ta biyu Tauraron Bama, wanda ake ba wanda ya yi aiki a fagen Bama tsakanin 11 ga Disamba 1941 da 2 ga Satumba 1945, jan da ke tsakiyar ƙyallen na sojojin ƙasa ne, ruwan ɗorawan da ke gefe kuma rana ce, in kakana ya zo nan sai ya yi shiru ya ce rana kam sun sha ta, ruwan sama ma sun sha. Ta uku ta tsaro ce, kore da ruwan wuta da siraran layuka baƙaƙe, baƙin na nuna duhun da ake yi a garuruwa da dare saboda jiragen yaƙi. Ta ƙarshe fara ce, gabanta kan Sarki Joji na shida, bayanta zaki ya take dodo. Waɗanda suka yi Somaliya da Habasha, irin sojojinmu da suka shiga Mogadishu a Fabrairun 1941, su Tauraron Afirka gare su, ƙyallensa launin rairayin hamada.

Waɗannan mutane ba 'yan rakiya ba ne ranka ya daɗe. Runduna biyu cur ta Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, suka yi yaƙin Bama, ta 81 a kwarin Kaladan inda ba hanyar mota sai dako a ka da kayan da jirgi ke jefowa daga sama, ta 82 a Arakan, suka haɗu suka karɓe garin Myohaung a Janairun 1945, akwai kuma bataliyoyi uku na Najeriya da suka shiga cikin 'yan Chindit, rundunar musamman mai kutsawa cikin daji, a bayan layin Japanawa a 1944. Sunayen barikokin da muke ji, Dodan, Arakan, Myohaung, Dalet, Letmauk, Chindit, duk daga can aka ɗauko su, amma ka tambayi yaro ɗan sakandare yau ma'anarsu ka ji. Waɗanda ba a ga gawarsu ba sunayensu na jikin bangon tunawa a maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun, can wata duniya inda jikokinsu ba za su taɓa zuwa ba. Kuma sarauta ba baƙuwa ba ce a wannan tarihi, marigayi Sarkin Katsina Usman Nagogo da ƙafarsa ya je har Bama ya duba sojojinmu lokacin yaƙin, shi ya sa muke ganin fada ce ta fi cancanta ta riƙe wannan amana.

Bayan su ga na Kwango daga 1960, ga na Yaƙin Basasa 1967 zuwa 1970, ga na Labanan, ga na ECOMOG a Laberiya da Saliyo, ga yaranmu na yanzu da ake kawo wa iyayensu da matansu lamba bayan an binne su. Lambar Majalisar Ɗinkin Duniya ma kusan duk ƙarfen iri ɗaya ne, ƙyallen ne kaɗai ke faɗin ƙasar da mutum ya je, in ya ruɓe ko wani ya cire ya sa zare, ba ka ƙara bambance wanda ya je Kwango da wanda ya je Labanan.

Wani abin da ke damunmu kuma shi ne yadda ake sa su barkatai. Minda tana da ƙa'ida, mai ita a ƙirjin hagu yake sawa, ta jarumta ce a gaba daga wajen tsakiyar ƙirji, sannan na yaƙe-yaƙe bi da bi. Ɗa ko jika ko matar mamaci in za su sa a ranar tunawa, a dama ake sawa, don duk wanda ya gani ya san ta gado ce. Amma yanzu sai ka ga mutum bai taɓa taka fareti ba ya jera su a hagu ya shigo taro ana sara masa, alhali tsohon saje na gaskiya yana can baya a tsaye a rana. Wannan yana yi wa tsofaffinmu ciwo ƙwarai, ɗaya daga cikinsu da hawaye ya faɗa mana a zamanmu.

Toh ga roƙonmu, Allah ya ba ka nasara. Babban abin da muke nema shi ne Mai Martaba ya ba da umarni ta hannun hakimai da dagatai da masu unguwanni a bi gida-gida a yi rajista, duk gidan da ke da minda a rubuta sunan mai ita, lambarsa ta soja, bataliyarsa, inda ya yi yaƙi, a ɗauki hoton lambobin a haɗe yadda suke da hoton takardar sallama in tana nan, a ajiye littafin a fada. Wannan shi ne na gaggawa, don 'yan Bama kusan duk sun tafi, wanda ya rage ya doshi shekara ɗari, 'yan Basasa ma ƙaraminsu ya ba saba'in baya, kuma matan da suka san wace minda ce ta wane su ma tafiya suke. Matasanmu sun ce za su yi aikin kyauta da wayoyinsu, har su naɗi muryar tsofaffin, izini da ɗan rakiya daga fada kawai muke so don mutane su yarda su buɗe mana akwatunansu.

Sannan muna roƙon ɗaki ɗaya, ko da kusurwa ce, a fada ko a wani ginin masarauta, a sa akwatunan gilashi masu makulli inda rana da laima ba za su ci ƙyallen ba, kowane mutum lambobinsa a jere bisa ƙa'ida, hotonsa a sama, bayaninsa da Hausa da ajami da Turanci a ƙasa. Iyalin da suka ba da aro kayansu na nan a matsayin nasu, da takarda a hannu, ran da suka so su karɓa. Wanda ya fi son ya riƙe nasa a gida a nuna masa yadda zai adana, kar a wanke ƙyallen, kar a kankare ƙarfen da yashi, kar a raba su wajen rabon gado. Irin wadda na tsinta kuma a ware musu wuri a rubuta cewa ba a san mai ita ba.

Muna kuma roƙon a yi shela a masallatai da coci-coci cewa minda ba kayan awo ba ce, masu sayen ƙarafa in ta faɗo hannunsu su kawo fada. Ranar 15 ga Janairu kuwa, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, a gayyato tsofaffin da reshen ƙungiyarsu ta tsofaffin soja, wato Lijan, su zauna a inuwa a gaban Sarki da lambobinsu a ƙirji, a kawo 'yan makaranta su ji daga bakinsu, a yi wa mamatan addu'a ana kiran sunayensu daga cikin littafin.

A shirye muke mu zo fada duk ranar da aka kira mu, da tsofaffin da za su iya tafiya, da gwangwanin kakana, da tauraron nan da ba shi da suna don Mai Martaba ya gani da idonsa.

Allah ya taimaki Sarki, ya ƙara wa masarauta albarka da zaman lafiya.

Mu ne masu biyayya,
'Ya'ya da jikokin 'yan mazan jiya na wannan masarauta, da iyayenmu tsofaffin soja