Wasiƙa zuwa ga ɗana kan kalmar fool

Assalamu alaikum Abba, ya karatu, ya Zariya? Mamanku na gaishe ka.

Jiya ƙaninka ya nuna min abin da ka rubuto masa a WhatsApp, wai don bai turo maka hoton takardar nan da wuri ba shi ne ka ce masa fool, har sau biyu. Yaron nan ko tuwon dare bai ci ba fa, yana zaure shi kaɗai yana ta latsa waya kamar zai huda ta.

To kai mai jin Turanci, ka ma san inda kalmar ta samo asali kuwa? Daga Latin take, tsohon harshen Rumawa, follis, wato jakar fata da ake cika da iska, zugazugi dai irin na maƙera. Ka tuna sanda nake aikenka maƙera gyaran fartanya, yaron da ke zuga yana danna fatar nan tana kumbura tana huci kamar abin kirki, amma cikinta ba komai sai iska, to haka aka riƙa kwatanta mai yawan surutu da fankon kai. Daga nan ta shiga Faransanci ta koma fol, bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066 Turanci ya are ta tare da tulin wasu kalmomi. Yau Faransawa fou suke cewa kuma mahaukaci suke nufi, tambayi kawunka na Maraɗi ka sha labari.

Sarakunan Ingila ma sun ajiye fool a fada, kamar dai wawan sarki a nan. Sarki Henry na 8 yana da nasa mai suna Will Somers, yakan gasa wa sarki magana cikin raha a yi dariya a wuce, ka ga wannan aiki ai sai mai wayo.

Ni abin da ya dame ni, in da Hausa ce na san bakinka ba zai iya ce wa ɗan'uwanka wawa ko sakarai ba, amma da yake Turanci ne sai ka ga kamar ba zagi ba ne. Ka kira shi yau ɗin nan ka ba shi haƙuri, da bakinka, ban ce rubutu ba. Maganar hoton kuwa ba laifinsa ba ne, datar da na sa masa ce ta ƙare tun safe.

Kuɗin cefanenka zan turo ranar Juma'a in Allah ya yarda.

Babanka