Zuwa ga aminina a Dutse, kan maganar 'ya'yan ajwa

Madina, Shawwal 1446 (Afrilu 2025)

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, da Hajiya da maiɗakinka da yara baki ɗaya. Barkanmu da shan ruwa. Bana dai rana ɗaya muka yi Idi da ku, Lahadi 30 ga Maris, babu wanda ya riga wani. Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana.

Saƙonka ya iso tun cikin azumi, hidima ce ta hana ni amsawa. Ka ce wani ya yi maka tallar 'ya'yan gindin dabinon ajwa, na dashe, ta waya, ya turo maka hotuna, ya ce a nan Madina yake, zai ba ka a rabin kuɗi kuma ya san yadda za a bi da su har Kano. Kana so in je in gani da idona in biya shi. To Malam, amsata a gajarce ita ce kada ka tura masa ko sisi, ni ma ba zan je ba. Ka yi haƙuri ka karanta dalili, don abin da ya same mu a gonar da nake aiki bai rasa nasaba da irin wannan ciniki ba.

Ka san yadda Madina take a goman ƙarshe. Dare ya koma rana, kowa ya tattara ya nufi Masallacin Annabi (SAW), daga tarawihi sai tahajjud. Unguwannin gonaki irin su Awali, inda muke, da Ƙuba da Uyun, sai su yi tsit, ba ka jin komai sai injin ban-ruwa. Mai gonarmu dattijo ne, ya shiga i'itikafi, iyalinsa kuma suna shirin tafiya Yanbu hutun Sallah. A daren da ake saukar Alƙur'ani a Harami shi da bakinsa ya ce mu kulle mu je, kada ladan ya wuce mu. Muka tafi ni da abokin aikina, wani Bahaushen Sudan ɗan Mai Wurno, wanda yaƙin da ya ɓarke a ƙasarsu a 2023 ya hana shi leƙa gida har yau. Da muka dawo bayan asuba, kwaɗon ƙofar baya yana ƙasa a datse, ga sawun tayar a-kori-kura har tsakiyar gona, kyamarar da ke kallon ƙofar kuma an juya fuskarta sama.

Ba su taɓa injin ba, ba su taɓa tiyo ba, ko ɗakinmu ba su buɗe ba. 'Ya'yan gindin dabino suka zo ɗauka, waɗanda Larabawa ke kira fasila. Sun haura ashirin. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne zaɓen da suka yi. Layin safawi da barni suna bakin ƙofa, suka wuce su. Ajwa da anbara kaɗai suka bi, a cikin duhu, alhali babu ko nonon dabino ɗaya da ya nuna balle a ce da shi suka gane. A cikin ajwar ma ba kowane ɗa suka cire ba, sai wanda ya shekara uku ko huɗu a jikin uwa, ya yi saiwar kansa, ya yi nauyin da in an dasa zai kama. Ƙananan da ba su isa yaye ba suna nan. Wannan ba aikin yaran unguwa ba ne. Mutum ne da ya san zarba, ya riƙe ƙarfen cire fasila shekara da shekaru, watakila ma ya taɓa shan shayi a inuwar gonar nan. Da ɗan gari akan ci gari.

Kai manomi ne, ba sai na koya maka darajar ɗan gindi ba, amma bari in faɗa don yaranka da za ka karanta wa. Wanda ya shuka ƙwallo caca ya yi: kusan rabi maza za su fito, matan kuma ba lallai su ɗauko uwarsu ba, kuma ba zai sani ba sai bayan shekaru. Ɗan gindi kuwa uwarsa ce sak. Shi ya sa ɗan ajwa mai kyau sai an ajiye ɗaruruwan riyal, kuma uwa ba ta ba da su har abada, a ƙuruciyarta take yi, in ta miƙe ta yi tsawo ta daina. Dattijon nan ya yi shekaru yana kiwon waɗannan don ya cike wani fili da ya saya wa 'ya'yansa. Rami ma mun riga mun haƙa, mun zuba taki, muna jiran a sha ruwa.

Na yi ta tunanin me ya sa abin ya yi yawa a 'yan shekarun nan, don ba mu kaɗai ba ne. Ga abin da na gani. Dashen dabino a nan lokaci biyu gare shi: daga wajen Fabrairu zuwa Afrilu kafin zafi ya sauko, sai kuma Satumba da Oktoba in ya fara ja da baya. Azumi kuwa kowace shekara yana matsowa da kwana 10 ko 11. Lokacin da yake faɗowa a Yuni, wanda ya saci fasila ya saci gawa, don kafin ya sami mai saye rana ta gama da ita. Yanzu goman ƙarshe da hutun Sallah sun faɗo daidai tsakiyar lokacin dashe. Gona babu kowa, masu saye kuma sun buɗe ido suna nema. Ɓarawo ya naɗe gindin da jiƙaƙƙen buhu, kafin a sauko Idi ta shiga ƙasa a wani gidan hutu a bayan gari, an ɗaure mata zarba, ana ba ta ruwa. Wa zai ce tasa ce? Dabino ba shi da lamba a goshi.

Amma asarar da ta fi ba mu tsoro ba waɗanda aka tafi da su ba ne, iyayen da aka bari ne. Cire ɗa daga uwa aiki ne na natsuwa. Ka tone ƙasa a hankali, ka nemo inda suka haɗu, ka sa ƙarfe ka yanke sau ɗaya, sannan ka shafe ciwon da magani ka mayar da ƙasa. Su kuwa sauri suke yi, suka yi ta sara, suka bar gindin iyayen a buɗe, farin cikin itacen yana waje yana tsatsafo da ruwa. Wannan ƙanshin shi ke kiran jan ƙwaron dabino, wanda ake ce wa susa a nan. Asalinsa daga kudancin Asiya yake, an fara ganinsa a Saudiyya a Ƙaɗif a 1987, kuma ta jikin 'ya'yan dabino da ake ɗauka daga wuri zuwa wuri ya fi yaɗuwa. Macen tana saka ƙwai a cikin ciwo, tsutsar ta shige ciki ta yi ta ci, daga waje itace kore shar, ba ka ankara ba sai ka ga wani ruwa mai wari yana fita, ko iska ta kayar da shi ka tarar cikinsa ya zama gari. Ranar jajiberen Sallah, da azumi a bakinmu, haka muka wuni durƙushe muna wanke ciwo muna fesa magani muna toshewa. Yanzu kullum da safe sai na bi su ɗaya bayan ɗaya, in kara kunne a jikin kututture, don in tsutsar ta yi yawa ana jin cinta.

Saboda wannan ƙwaron ne Ma'aikatar Muhalli da Ruwa da Noma ta hana a ɗauki fasila daga wani yanki zuwa wani sai da izini da shaidar an duba ta. Ƙasar da ke da dabino sama da miliyan 30 ba za ta yi wasa da wannan ba. To mutumin da ya ce zai fitar maka da ita daga ƙasar gaba ɗaya a rabin kuɗi, ta ina? Ɗayan uku ne. Ko ta sata ce, ko ba ajwa ba ce (namiji ma ana sayar wa wanda bai sani ba, sai bayan shekara huɗu ya gane), ko kuma babu komai sai hoto. In ma an yi sa'a ta iso, ka yi tunanin ka zama mutumin da ya kai susa Dutse. Dabinon Garu da na Limawa da kakanninmu suka bari, da duk masu cin abinci a kasuwar Shuwarin, me za ka ce musu?

Ba manyan gonaki kaɗai abin ya shafa ba, har abin dariya akwai. Maƙwabcinmu ya dawo daga Ɗa'if ya tarar an kwashe tukwanen furen da ke ƙofar gidansa, har da wata kariya mai ƙaton gindi da yake ji da ita kamar 'yarsa. Kariya fa, Malam, wadda ke tsaye a dajinmu ko akuya ba ta kula ta, a nan kuɗi ce. Wata Hajiya 'yar Zinder da ta daɗe a nan, an tuge mata lemun tsami biyu da lallenta. Wani kuma kwalin na'ana aka yashe masa tas, ka san yadda mutanen Madina suke da na'anarsu a shayi. Zogalen da na shuka a bayan ɗakinmu dai yana nan lafiya. Abokin aikina ya ce ranar da aka sace shi ba sai an kira askar, wato 'yan sanda, ba, mu shiga gidajen 'yan uwanmu mu duba tukunya.

Dariyar ba ta daɗe ba. Ka san in abu ya ɓata a gona wa ake fara kallo. Babban ɗan mai gonar ya zo da fushi, yana tambayar wa muka gaya wa za mu tafi Harami, wa ke zuwa wurinmu hira, me ya sa aka san layin ajwa. Aka kai ƙara, aka karɓi igamarmu, wato takardar izinin zama, aka duba, aka yi mana tambayoyi. Ban ga laifinsu ba, ko ni ne haka zan yi, amma akwai ciwo mutum ya yi wa itace barbara da hannunsa cikin azumi, ƙaya ta huda shi, sannan a dube shi da wannan ido. Abokin aikina ya fi ni shiga damuwa, don shi in aka sallame shi ba shi da inda zai koma. Dattijon ne ya kashe maganar. Ya ce shi ya ce mu tafi, kuma wanda ya san ranar da za a dasa su ba zai sace su ana saura kwana kaɗan ya bar wa kansa aikin jinyar iyayen ba. Allah ya saka masa. Amma a wasu gonakin na ji an kori ma'aikata a kan zato kawai, ɓarawon yana can, mai saye yana can, talaka ya tafi da laifin.

Da daddare dattijon ya zauna da mu ya tuna mini wani abu da muka karanta a Muwaɗɗa a zaure, na manta da shi sai da ya faɗa. A garin nan, zamanin da Marwanu ɗan Hakamu yake gwamna, wani bawa ya saci ɗan dabino a gonar wani ya dasa a gonar ubangidansa. Mai shi ya bi sawu ya gane abinsa, ya kai ƙara, Marwanu ya tsare bawan yana nufin yanke masa hannu. Sai Rafi'u ɗan Khadiju ya je ya shaida masa cewa ya ji Manzon Allah (SAW) ya ce babu yanke hannu a kan 'ya'yan itace ko zuciyar dabino, aka sake shi. Dattijon ya yi murmushi ya ce ka ga sana'ar ta daɗe. Ya ce rashin haddi ba halasci ba ne, akwai horo akwai biya, amma shi abin da ke ba shi mamaki shi ne wancan mutumin ya gane ɗan dabinonsa a gonar wani. Ya ce da zai ga nasa shi ma zai gane. Na yarda da shi. Ni ma akwai biyu da zan gane ko cikin dubu.

Kuma duk wannan a Awali, inda ake nuna wurin gonar da Salmanul Farisi ya fanshi kansa da dashen dabino 300. Sahabbai ne suka tara masa 'ya'yan, wannan ya kawo goma, wancan ya kawo ashirin, Annabi (SAW) ya dasa da hannunsa. Haka aka san mutanen garin nan da fasila, abin da ake ba maƙwabci ne in zai fara gona. Har yanzu tsofaffi suna yi. Da ɓarayin nan sun zo da rana sun roƙa, na rantse dattijon zai ba su ɗaya ko biyu.

Ni a ganina mai saye shi ne uban tafiyar. Duk wanda aka kawo wa ajwa da tsakar dare a bayan mota, babu takarda, a rabin kuɗi, ya san abin da yake saya. Ba na so ka shiga layinsu, ko da daga nesa ne kuma da kyakkyawar niyya. Na san abin da ke jan ka, hadisin ajwa bakwai da safe ne, da son a ce ga ta a gonarka. Amma ka tuna a wata ruwayar ajwar Aliya aka ambata, wato wannan yanki da nake zaune. Ƙasa da ruwa da busasshen zafin Madina suna da hannu a cikinta. Daminar Jigawa daban take.

Shawarata, ka je tashar binciken dabino ta NIFOR da ke nan Dutse a ƙofar gidanka, ka nemi irin da suka gwada a ƙasarmu. Ko ka nemi uwar da ka ci 'ya'yanta da bakinka ka san daɗinta, ka yi ciniki da mai ita, a cire a gabanka, ka tsaya har a shafe ciwon. Kada ka manta da namiji mai kyau, ɗaya yana isar mata da yawa in da hannu za ka yi barbara. Kuɗin da ka tanada don ajwa ka sa su a rijiya, don shekarar farko ruwa ɗan dabino yake so ba suna ba.

Ajwar ci kuwa wannan tawa ce. Sabuwa ba ta fitowa sai tsakiyar zafi, bayan alhazai sun tafi, don haka ta bara zan ba wani daga cikin alhazan Jigawa ya riƙo maka, da safawi na yara. Kai kuma in ka sami mai tahowa, a taimaka mini da kuka da daddawa da ɗan irin yakuwa, wadda na shuka ta ƙi.

Ka gaishe da Hajiya, ka ce ina neman addu'a. Ka gaishe da Liman da mutanen majalisa, da ƙanena in ya leƙo, ka ce masa maganar katangar gida tana raina, zan kira shi in an biya mu.

Wassalam.

Naka amini,
daga Awali, Madina