Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa: A Fara Daga Ƙananan Asibitoci

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili domin yin tsokaci kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958.

Dokar ta yi kyau, amma ba za ta amfani mutanen Ningi, Misau ko Gamawa ba sai an fara daga ƙananan asibitoci. Mai ciwon damuwa ba kasafai yake cewa ransa a ɓace yake ba. Ciwon kai yake kawowa, ko rashin barci, ko kasala, sai a ba shi maganin zazzaɓi ya koma gida. Alhali tambayoyi biyu kan buɗe hanya: ya kai mako biyu cikin ƙuncin zuciya kusan kullum? Abin da yake jin daɗinsa a da ya fita daga ransa?

Sai batun magani. Magungunan ciwon damuwa irin su amitriptyline da fluoxetine sukan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a ga sauƙi, kuma ana ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan an warke. In ba a bayyana wa majinyaci haka ba, sai ya watsar, dangi kuma su ce iska ce.

Ina kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Bauchi da ta horar da ma'aikatan waɗannan asibitoci bisa tsarin mhGAP na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ke koya wa ma'aikatan lafiya da ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba yadda za su gano da kuma kula da irin waɗannan cututtuka, ta ajiye musu magunguna, ta kuma tsara yadda za a gaggauta tura mai tunanin kashe kansa babban asibiti.

Wassalam.

Ma'aikacin lafiya,
Bauchi